Kwalba Ta Bakwai

Duk wanda ya taɓa kwana a Nima ya san akwai gidajen da wutar murhunsu ke riga ladan tashi. Gidan Mma na cikinsu. Shekara ashirin da 'yan kai ta yi tana sayar da dafaffen wake da garin rogo a bakin babban titin unguwar, inda 'yan trotro ke tsayawa su ɗauki masu zuwa Circle. A zuba wake a kwano, a barbaɗa gari, a ɗora soyayyen agade guda uku, sannan ta ɗauko ƙaramin ludayi ta kwarara manja a kai. Wannan ludayin na ƙarshe shi ne kasuwarta. Manjanta ja ne wur, in rana ta haska shi sai ka ga yana sheƙi, har yaran makaranta kan miƙo kwano su ce, "Mma, a ƙara mana ja."

Manjan kuwa wuri ɗaya take sayen sa, a rumfar yayarta da ke Kasuwar Malam Ata, wadda mutanen Accra suka taƙaita suke ce mata Malata. Yayar ce ta rene ta bayan rasuwar iyayensu, ita ta yi mata aure, kuma da mijin Mma ya rasu ya bar ta da yara huɗu, ita ta ba ta tukunyar farko da jarkar manja ta farko, ta ce a biya in Allah ya hore. Ita ta riƙa biyan kuɗin makarantar ƙaramin ɗan Mma, wanda kowa ke kira Auta, har ya gama sakandare. Tsakaninsu babu rubutu, babu shaida. Mma ta ɗauki jarka ranar Litinin, ta kawo kuɗi ranar Asabar.

Shekarar 2015 ta zo wa Accra da nauyi. Wutar lantarki ta zama baƙuwa, a kawo ta rabin yini a ɗauke ta yini guda, abin da aka laƙaba wa suna dumso. Teloli suka zauna suna kallon kekunansu, masu sayar da kifi da kaji na firji suka yi ta zubar da kaya. A watan Mayu 'yar fim Yvonne Nelson da abokan sana'arta suka jagoranci jama'a suka fito da fitilu da kyandir daga Legon, suna neman a kawo ƙarshen duhun. Ba a gama wannan ba, daren 3 ga Yuni aka yi ruwan da ya cika Circle, gidan mai ya kama da wuta a kan mutanen da suka fake a ciki, fiye da rai 150 suka salwanta. Babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi can take gangarawa ta haɗu da rafin Odaw, saboda haka babu wanda ya isa ya ce wa mutanen zango abin bai shafe su ba. Sharar da aka zuba a ƙofar gida ita ce ta toshe hanyar ruwa a can ƙasa.

Bayan sadakar bakwai ta waɗanda unguwa ta rasa, wasu mata da samari suka fara zama duk daren Lahadi bayan isha'i a barandar wata makarantar Islamiyya. Ba su da rajista, ba su da ofis, ba su ma raɗa wa kansu suna ba. Abin da suke da shi wani dattijo ne da ya yi ritaya daga koyarwa, ana ce masa Ticha, da wani babban littafi mai baƙin bango da ya saya da kuɗinsa. Auta, da yake shi ya fi kowa iya rubutu da waya, aka ba shi sakatare. Mma aka ba ta ajiyar kuɗi, don an san ta da riƙon adashi shekaru ba a taɓa jin kanta da kowa ba.

Ticha yana da doka ɗaya. Duk wanda ya kawo kuka, ko na kuɗin ruwa ne, ko na mita, ko na shara, sai ya faɗi rana, ya faɗi wuri, ya faɗi wanda ya gani da idonsa, in akwai rasit ya kawo. Wanda ya zo da "an ce" sai a ba shi ruwa ya sha, a yi masa godiya, amma ba za a buɗe littafi ba. Samari suka ga kamar ɓata lokaci ne. Shi kuwa yakan ba su labarin zamanin da asibitocin Ghana ba sa duba mutum sai ya ajiye kuɗi, lokacin da wasu matasan lauyoyi na ƙungiyar Legal Resources Centre, irin su Raymond Atuguba da Mahama Ayariga, suka shigo Nima da Mamobi suna aiki da kulob-kulob na samari da na mata. Dokar kuɗin asibiti ta riga ta yafe wa matalauci biya, amma a takarda kawai abin ya tsaya, har aka kai ga zuwa kotu a kan wani majiyyaci da aka riƙe a asibiti don ya kasa biya. A 2003 aka yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa. Ticha bai taɓa cewa Nima ce kaɗai ta kawo ta ba. Abin da yake cewa shi ne, ya ga da idonsa yadda jami'i ke gyara zama in talaka ya shigo da takarda mai kwanan wata, da yadda yake hamma in ya shigo da ihu kawai.

A watan Oktoba labarin manja ya fashe. Hukumar Abinci da Magunguna ta ƙasa, FDA, ta sanar cewa ta ɗebo samfurin manja guda 50 daga kasuwanni 10 na yankin Accra ta gwada, ta samu kashi 98 cikin ɗari ɗauke da wani rini da ake kira Sudan IV. Rini ne na masana'anta, ana sa shi a kaki, da man goge takalmi, da robobi, an haramta shi a abinci saboda ana tsoron yana jawo ciwon daji. Dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta hana sayar da gurɓataccen abinci, aka kuwa shiga kasuwanni aka kama wasu 'yan kasuwa. Gidajen rediyo suka ɗauka. A wancan lokacin Ghana ba ta da cikakkiyar doka guda ta kare mai saye, muryar da aka fi ji ita ce ta Kofi Kapito na Consumer Protection Agency, wadda duk da sunanta ba ma'aikatar gwamnati ba ce, ƙungiya ce ta 'yan ƙasa.

Daren Lahadin da ya biyo baya baranda ta cika har waje. Auta ya miƙe da waya a hannu, jikinsa na rawa.

"Ticha, wannan karon ba maganar littafi ba ce. Guba ake ba mu. Gobe mu shiga Malata da lasifika, duk rumfar da muka ga manjanta ya yi ja fiye da kima mu ɗauki hoto mu sa a Facebook. Akwai wata ma da na sani a bakin ƙofa, nata kamar jini. Da ita za mu fara."

Samari suka ɗauki tafi. Matar da yake nufi ba 'yar zango ba ce, ba ta jin Hausa, ba ta da kowa a barandar. Na daɗe ina lura cewa in za a fara hukunci da ido, a kan irin wannan ake farawa.

Ticha ya bari tafi ya lafa, sannan ya ce, "Ɗana, an ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan ko kimar bai sani ba. Manja ja Allah ya halicce shi. Wani kwakwan ya fi wani ja, na damina daban da na rani, wanda aka dafa da kyau daban da wanda aka bari ya kwana. Su kansu ma'aikatan hukuma ba da ido suka gane ba, sai da suka kai ɗakin gwaji. In ka ɓata sunan mace da hoto, gobe aka gwada aka ga nata lafiya lau, da wace waya za ka mayar mata da shi?"

Aka yi ta ja-in-ja har kusan sha ɗaya. A ƙarshe aka tsaya a kan shawarar dattijon. Mata tara masu sayar da abinci a unguwar, kowacce za ta kawo ƙaramar kwalba daga manjan da take girki da shi. Ba za a rubuta sunan kowa a jikin kwalba ba, lamba kawai. Sunan rumfar da aka sayo yana cikin littafi, littafi kuma yana hannun Ticha, don kada mai gwaji ya san na wane ne, kada kuma mai kaiwa ya ji tausayin wata a hanya. Aka yi karo-karo na kuɗin gwaji, wani sidi biyu, wani biyar. Mma ta kawo tata kwalbar da murmushi, aka manna mata lamba bakwai. Ta ce, "Ni dai nawa na Yaya ne, ku gwada don hankalinku ya kwanta."

Sati biyu aka yi ana jira. Ranar da takarda ta zo, Ticha bai kai ta baranda ba tukuna. Ya kira sakatare da ma'aji zuwa zaurensa bayan la'asar, ya shimfiɗa takardar kusa da littafin. Kwalba uku ne kawai suka fita lafiya, kuma ɗaya daga cikinsu daga rumfar matar nan ta bakin ƙofa aka sayo ta, mai manja kamar jini. Kwalba ta bakwai tana cikin masu rini.

Auta ya karanta sau biyu. Ya dubi uwarsa, ya dubi ƙasa. Can ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ticha, ba wanda ya san lambobin nan sai mu uku. A ce takwas aka kai. Inna ce fa. Ita ta biya mini makaranta."

Ticha bai ce komai ba, ya tura littafin gaban Mma. Ba ta iya boko ba, amma ta san lamba bakwai. Ta ɗora yatsa a kai, ta daɗe haka. Abin da take lissafawa a ranta ba sunan yayarta ba ne. Shekara nawa, kwano nawa a rana, ludayi nawa, da yaran da ke cewa a ƙara musu ja, ita kuma tana ƙarawa don ta faranta musu.

"Auta," ta ce, "da kwalbar waccan baiwar Allah ce, da yanzu hotonta na yawo a duniya, kai ka sa. Rubuta yadda aka samu. Amma Ticha, ina roƙon alfarma ɗaya. Kada a karanta a gaban jama'a sai na je na gan ta da ƙafata."

Bayan magariba ta tafi Mamobi. Ta tarar da yayarta a tsakar gida tana jan carbi, jarkoki shida jere a jikin bango, irin rawayen nan masu cin lita 25 da ake kira galan ɗin Kufuor. Suka gaisa, aka tambayi yara, aka kawo ruwa. Mma ta faɗi abin da ya kawo ta ba tare da kwana-kwana ba.

Yayar ta ajiye carbi. "Wato ni kika ɗauka kika kai wa 'yan boko su auna."

"Yaya, manjan da nake ba 'ya'yan mutane na kai."

"Wallahi hannuna bai taɓa zuba komai a jarka ba. Yadda mai mota ya sauke mini, haka nake sayarwa."

"Na yarda, Yaya. Amma ba ki taɓa tambayar sa me ya sa nasa ba ya canja launi, rani da damina ba?"

Shiru ya ɗan ratsa. Sai yayar ta ɗago, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Ke za ki tambaye ni? Shekara uku da suka wuce wa ya dawo mini da jarka har rumfa, a kan 'yar kaya, ya ce wannan ya yi fari, masu saye za su gudu? Ba ke ba ce? Washegari na ce wa mutumin ya riƙa kawo mini mai ja. Ya ce an gama. Ban tambaye shi ta yaya ba, ke ma ba ki tambaye ni ba."

Mma ta tuna ranar sarai. Ta tuna har kalar zanen da ke jikinta. Ba ta kare kanta ba, ta ce, "Haka aka yi. Laifin da nawa a ciki, kuma zan faɗa a gaban mutane kafin a ambaci sunanki."

A nan ne labarin ya fi yi mini nauyi, domin babu mugu a tsakar gidan nan. Akwai mai saye da ke son ja, da mai sayarwa da ke tsoron rasa ciniki, da dillali da ya gano cewa garin rini na kuɗi kaɗan zai mai da manja mara kyau ya yi kama da na gari. Kowa ya kau da kai daidai inda tambaya za ta jawo masa asara. Jarkoki shidan nan kuwa su ne jarin yayar gaba ɗaya, rabi ma bashi ne.

Auta, wanda ya biyo uwarsa ya tsaya a bakin ƙofa, ya sa baki. "Inna, a kai su Kasoa a sayar a rabin kuɗi. Can ba wanda ya san mu."

Kafin Mma ta yi magana yayar ta riga ta. Ta juyo ta dube shi ta ce, "Su na Kasoa ba uwa ce ta haife su ba?" Sannan ta tashi ta shige ɗaki ta ja labule, ba ta yi wa ƙanwarta sallama ba.

Ranar Lahadi Mma ta miƙe a baranda, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ba da labarin jarkar da ta mayar, ta ce kwalba ta bakwai tata ce, daga rumfar yayarta. Wuri ya yi tsit. Wata daga cikin matan ta ce ita ma ta taɓa mayarwa, wata ta ce ita ma. Limamin masallacin layin, da ya zo sauraro kawai, ya tuna musu lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi a kan ɓoye jiƙaƙƙen a inda mai saye ba zai gani ba. Ya ce wa'azin nan an saba yi wa mai sayarwa, yau ya ga ashe mai saye ma yana da rabonsa, in shi ne ke korar mai gaskiya da zaɓensa.

Aka yanke abubuwa, Auta yana rubutawa. Ba za a sa hoton kowa a waya ba. Za a je wurin Magajiya da shugabar masu manja ta kasuwa a nuna musu takarda. Masu rumfunan da abin ya shafa za su miƙa kayan ga hukuma su faɗi wanda ke kawo musu, kada a zubar a kwata, kada a karkatar wata kasuwa. Matan adashi suka yarda a ba yayar Mma da sauran kwasar wata biyu a jere, ba bisa layi ba, don su tayar da jari. Kuɗin bai rufe asarar ba, ya dai hana rumfuna rufewa. Sannan Ticha ya sa Auta ya je da kansa bakin ƙofar Malata, ya gaya wa matar nan cewa an gwada nata an samu lafiya. Ya je da wani mai yi masa tafinta. Ya dawo bai ba kowa labarin abin da ta ce ba, amma daga ranar duk mai tambayar sa inda za a sayi manja, can yake tura shi.

Mata biyu suka hau mota zuwa yankin Kade a Jihar Gabas, inda gonakin kwakwa suke, inda mata ke matse manja a ƙananan injinan da ake kira kirama. Suka tsaya aka dafa, aka matse, aka cika jarka a gabansu, aka ɗaure baki. Da aka sauke a Nima sai ga shi ruwan lemo-lemo, in ya kwana ya yi kauri a ƙasa. Ƙamshinsa ya fi na da, amma ido ne ke fara cin abinci.

Ciniki ya faɗi. Tukunyar da kan ƙare kafin ƙarfe goma ta riƙa kaiwa azahar. Wani direba da ya shekara goma yana karyawa a teburinta ya leƙa kwano ya ce, "Mma, yau kuma ruwa aka zuba wa man?" Ya tsallaka titi wurin wata. Mma ba ta kira shi ba. Duk wanda ya tsaya ya tambaya takan gaya masa dalili, wani ya saurara, wani ya ce duk mutuwa ɗaya ce. Wasu sun dawo bayan 'yan makonni, wasu har yau ba su dawo ba. Ta rage mudun waken da take jiƙawa, ta daina sayen zanen salla a shekarar.

Abin da ya fi cinikin ci mata rai shi ne yayarta. Ta karɓi kuɗin adashi, ta miƙa jarkoki, ta faɗi sunan dillali, ta ma shiga cikin masu sayo na Kade. Amma ta daina zuwa Nima. In Mma ta je rumfa ɗaukar jarka, sai ta tarar da yarinya, a ce Hajiya ta fita. A wajen suna ko biki su gaisa kamar maƙwabta. Mma ba ta fasa ba, duk Juma'a sai ta aika Auta da kwanon tuwo, kwano ya dawo a wanke babu saƙo. Haka aka ci Kirsimeti, hunturu ya wuce, aka shiga zafin Maris.

Wani daren Lahadi ana cikin maganar wani mai gida da ke karɓar kuɗin wuta a hannun 'yan haya goma sha ɗaya ba ya nuna musu rasit, sai aka ji sallama daga bakin baranda. Yayar ce, da mayafi har ƙasa, da ƙullin leda a hannu. Aka matsa mata a benci, ta ƙi zama. Ta kwance ledar ta fito da olonka, gwangwanin awon gari da hatsi, ta kife shi a kan teburin Ticha. Gindinsa a bubbuge yake, an tura shi ciki kusan kaurin yatsa biyu.

"Da wannan aka auna mini gero jiya," ta ce. "Na biya kuɗinsa na karɓo shi. Ranar Asabar, wajen ƙarfe huɗu, a gaban yarinyata da 'yar kayan da ta ɗauko mini." Ta juya wajen Auta. "Kai sakatare, lamba nawa za ka ba shi?"

Auta ya buɗe sabon shafi. Mma ta jawo jakar kuɗi daga kan benci ta ɗora a cinya, wuri ya samu kusa da ita, yayar ta gyara mayafi ta zauna.